Nono Ɗaya Muka Sha

Magama, Jibiya
Ranar Asabar

Mariyamu,

Kada ki karanta takardar nan a tsaye, kuma kada ki miƙa wa 'yarki Ilham ta karanta miki don kin manta inda kika ajiye tabarau. Ki nemo su, ki zauna, ki karanta da idonki har ƙarshe, domin ba zan maimaita ba.

Bayan haka, assalamu alaikum. Ina gaida maigidanki da yara. Mu nan muna raye, iyakar abin da zan ce ke nan.

Na rubuto da hannu na ba Ɗantala direba ya kawo miki Katsina saboda na daina yarda da waya. Murya ana yanke ta a tura wa wanda ba da shi ake ba, kuma abin da ya same ni ke nan.

'Yarki tana cikin wani zauren waya na 'yan mata masu karanta littattafan soyayya. Ta yi magana a can, aka tura maganar, ta tsallaka Ɗan Isa a Nijar, ta dawo ta faɗo a wayar Ma'u maƙwabciyata. Na saurara da kunnena, muryar Ilham ce tana dariya. Ga abin da ta ce: “Wallahi duk lokacin da na karanta mayen nan sai in tuna Zunnuraini ɗan Innata ta Jibiya. Ba ya son rana, ba ya kallon idon mutum, ba ya shiga ɗaki sai an ce ya shigo, in hatsi ya zube sai ya tsince shi ɗaya-ɗaya.”

Maye, Mariyamu. Da sunansa, da sunan garinsa.

Ke kin san autana tun yana goye. Shekara goma sha tara ina tare shi daga bakin mutane, ni kaɗai tun rasuwar mahaifinsa Malam Lado. An ce aljanu ne, an ce shanyewa ce, an ce sangarta ce, duk na haɗiye. Yana zaune a zaurensa yana tsince min shinkafa da waken da nake dafa wa direbobin manyan motoci, bai taɓa zagin kowa ba, ba ya fashin salla. Mutane sun saba da shi har sun daina ganinsa, ni kuwa abin da nake roƙo ke nan.

Yanzu Abdu, ɗan Ma'u mai shekara shida, yana kwance da zazzaɓi mai zafi, kuma cikin zafin yana kiran “Zunnu, Zunnu.” Yaron nan shi kaɗai ne ke zuwa ya zauna da ɗana a zaure, su jera tsakuwa su yi shiru tare. Wa kike so ya kira? Amma uwarsa ta riga ta ji muryar Ilham. Jiya ta tsaya a bakin ƙofata tana cewa, “Salmatu, 'yar gidanku ce ta faɗa, ba mu ba. A fito da shi ya tuɓe ya tsallake mani ɗa, ya saki kurwarsa.”

Ki tuna yaron da ko rigarsa sabuwa aka sa masa sai ya yini yana rawar jiki. Shi za a tuɓe a gaban unguwa, ana ihu a kansa. In aka yi haka ba zai sake fitowa zaure ba, kuma duk wanda ya tsallaka ya amsa sunan ke nan har kabarinsa. Yayarsa Ummusalma ta aiko daga Riko cewa matan gidan mijinta sun fara janye 'ya'yansu daga ɗakinta.

Na sha gaya miki ki duba abin da yarinyar nan ke karantawa. Kika ce ai karatu ne. To ga karatun.

Abin da nake so ɗaya ne. Ilham ta zo Jibiya da ƙafarta, ta tsaya a tsakar gidan Ma'u, ta janye maganarta da bakin da ta faɗe ta. Ba ta waya ba.

Allah ya ba mu alheri.

Yayarki,
Salmatu

*

Katsina
Ranar Litinin

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Inna, ina gaishe ki cikin ladabi, ina gaida Zunnu, ina kuma yi wa Abdu fatan sauƙi. Mama ta karanta min takardarki bayan ta gama nata faɗan. Tun daga lokacin ban iya cin abinci ba.

Inna, ki gafarce ni. Muryata ce, amma guntu aka kawo miki, an yanke gaba an yanke baya.

Akwai wani littafin Turawa da wata ke fassara mana kashi-kashi a zauren. Jarumin mai gyaran agogo ne da ya yi ɗaruruwan shekaru bai mutu ba, yana rayuwa da jini, sai ya kamu da son wata ma'aikaciyar jinya. A Turance irinsa suna da sunansu, bamfaya. Mai fassarar ce ta rasa kalma a Hausa ta sa masa maye, mu kuma muka bi ta har bakinmu ya saba. Ko kusa ban tuna da maitar da ake nufi a gida ba.

Kin san a jami'a ina karanta tarbiyyar yara masu buƙata ta musamman. An koya mana wani yanayi da likitoci ke kira otizim, a rediyo kuma ana cewa galahanga, ko da yake ni ba na son wannan kalmar. Ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne, haka aka halicci mutum. Haske da hayaniya suna yi masa ciwo, kallon ido yana yi masa nauyi, yana riƙe ƙa'ida ba ya saki, in ya so abu ɗaya sai ya ba shi dukkan ransa. Sai na lura jaruman irin waɗannan littattafai kusan duk haka ake zana su. Na tambayi 'yan zauren, me ya sa kuke kuka saboda son wannan a takarda, amma in kun ga irinsa a unguwarku sai ku kauce? Na kawo Zunnu ne don in nuna musu cewa akwai mutumin kirki na gaske mai irin halin nan. Abin da na faɗa bayan inda aka yanke shi ne, “kuma ban san wanda ya kai shi tsarkin zuciya ba.”

Ga cikakkiyar muryar a katin waya cikin ambulan, a sa wa Ma'u ta ji. Ga kuma shafukan littafin da na buga miki, ki duba da kanki ko ban yi gaskiya ba.

Zuwana ne kawai da wuya yanzu, muna tsakiyar jarrabawa. Da zarar mun gama zan taho in durƙusa a gabanki.

'Yarki mai neman gafara,
Ilham

*

Magama, Jibiya
Ranar Laraba

Ilham,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, da katinki, da shafukanki.

Katin na aika wa Ma'u. Ta dawo da shi ta ce na farkon shi ne gaskiya, wannan gyara ne aka yi daga baya. Da kin ce bamfaya tun farko da matan unguwar nan sun ɗauka sabon maganin sauro ne, su wuce. Ke da kike jami'a kika ɗauki kalmar da ake raba aure da ita, ake korar mutum daga gari da ita, kika rataya wa ɗan'uwanki don 'yan matan da ba ki taɓa gani ba su ce kin iya nazari.

Shafukan na karanta. Na yi sakandare, ba sai an fassara min fassara ba. Kin ce in duba ko kin yi gaskiya, to na duba, kuma ba ki yi ba.

Mai agogon nan ba ya kallon idon yarinyar ne don yana ɓoye abin da yake. Ɗana ba shi da abin ɓoyewa, bai ma san yadda ake yi ba. Wancan yana gudun rana don kada asirinsa ya tonu. Nawa yana ja hula ya rufe ido don rana tana sa masa ciwon kai har ya yi amai. Wancan yana tsayawa a ƙofa don an ɗaure shi da wani tsafi, kuma duk dabararsa ita ce yadda zai sa a ce masa shigo. Nawa yana tsayawa don na koya masa sallama yana ƙarami, ya riƙe, alhali malamai da yawa sun saki. Wancan ya san abin da ke zuciyar yarinyar tun ba ta faɗa ba, yana juya ta yadda ya so. Nawa ko na yi fushi sai na ce masa “na yi fushi” kafin ya sani. Wanda ya rubuta littafin nan ya ɗebi halayen bayin Allah irin ɗana ne ya yafa wa mugu don ya yi kwarjini. Ke kuma kika ga rigar kika ce ai mutum ɗaya ne.

Wuri ɗaya na tsaya, inda yarinyar ta zauna kusa da shi yana aikinsa ba ta ce komai ba, shi ma bai ce ba, kuma suka tashi kowa ya gamsu. Wannan na san shi. Amma Abdu ɗan shekara shida ya iya wannan ba tare da ya karanta kowa ba, ke kuwa duk zuwanki gidan nan ba ki taɓa zama a zauren ba.

Ga abin da jarrabawarki ta hana ki gani. Shekaranjiya Abbas mijin Ma'u ya shigo zaure da maza biyu ina can wajen murhu. Kafin in iso sun fara.

“Kai, ka taɓa Abdu?”

“Na taɓa shi.”

“A ina?”

“A ka. Ranar da aka yi masa aski.”

“Kana da ƙanƙara?”

“Ina da ita. Tana gwangwani.”

Su suna nufin ƙanƙarar maita da ake cewa tana cikin maye. Shi yana nufin fararen tsakuwoyin da yake tsincewa daga shinkafa, ya ware su daban da baƙaƙe. Ya tashi ya ɗauko gwangwanin ya buɗe musu don su gani. Ɗayan har da baya-baya ya fita. Abbas ya ce in yaron bai tashi ba zuwa Juma'a, ana saukowa daga masallaci za su fito da shi ko ina so ko ba na so. Tun ranar ɗana yake tambayata me ya sa Abdu bai zo ba.

Yanzu saura abin da ni na yi, kuma gara ki ji daga gare ni. Jiya na tsallaka Ɗan Isa wajen bikin sunan jikar wata ƙawata. Ina zama mata suka fara jan kwanoninsu. A cikinsu akwai Hajiya Mu'minat ta Maraɗi, uwar Badaruddeen ɗinki da ake shirin kawo kayan sa ranarku. Sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, “Tunda an ce ta nonon uwa ake shan ta, bari in cika muku labarin. Uwar yarinyar da ta yi maganar ƙanwata ce, ciki ɗaya, nono ɗaya muka sha, ita ma ta shayar da 'yarta. Hajiya, ai kin san ta ma, Ilham ce.”

Hajiya ta ajiye cokali ba ta sake ɗauka ba.

Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, kamar yadda ke ma kika ce ba ki yi ba. Guntu na ba su, su ƙarasa da kansu. Ki ci gaba da jarrabawa.

Innarki,
Salmatu

*

Katsina
Ranar Alhamis

Yaya,

Salamu alaikum. Gaisuwar ke nan, ba ni da numfashin doguwa.

Ashe haka kike? Yarinya ta yi kuskure ta ba ki haƙuri, ke kuma babba da hankalinki kika tashi kika hau kabu-kabu har wata ƙasa don ki ɓata mata aure. Mutanen Maraɗi sun bugo da safe, wai tsohonsu ba ya jin daɗi, a dakata da kawo kaya sai an ga hali. Tsohon da aka gani jiya a kasuwa yana cinikin rago. Kuma ba Ilham kaɗai kika shafa wa ba, kin shafa min, kin shafa wa mahaifiyarmu tana kabarinta, ita da ta shayar da mu. Tun muna yara haka kike, in aka taka ki sai kin rushe ɗakin da kowa a ciki.

Ban ce ba a cuci Zunnu ba. Na yi kuka da na karanta zancen gwangwanin nan, Allah ya sani. Amma da kin bari na zo mun je wa mai unguwa tare.

Jinina ya hau, maigidan ya hana ni hanya. Ga Ilham nan a motar Ɗantala, ta bar takardar jarrabawa ɗaya ba ta rubuta ba. Ki yi abin da kika ga dama, amma ki dawo min da ita da mutuncinta.

Ƙanwarki ko kin ƙi,
Mariyamu

*

Jibiya
Ranar Asabar

Mama,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ki kwantar da hankalinki ki sha maganinki. Inna ta karɓe wayata tun daga zaure, shi ya sa na rubuto. Daga asibiti nake, amma ba ni ce a kwance ba.

Jiya ana saukowa daga masallaci Inna ta kulle Zunnu a ɗaki, ta sa mabuɗin a lalitarta, ta ce in wuce gaba. Gidan Ma'u a cike yake, mata a tsakar gida, maza a ƙofa. An fito da Abdu kan tabarma, leɓɓansa duk sun bushe.

Na yi bayani, Mama. Na faɗi littafin, na faɗi fassarar, na rantse. Wata tsohuwa ta ce, “To shi wannan na littafin, ɗan wane gari ne?” Wata ta ce, “Ai dole ta janye, tunda ita ma an gano ta.” Ban taɓa sanin yadda ido ke da nauyi ba sai jiya. Na duba ƙasa na kasa ɗagowa.

Ma'u ta ce, “Mu ba mu san boko ba. Ɗana na mutuwa. A tsallaka kawai.”

Inna ta ce, “Ɗana ba zai fito ba. Amma in jinin gidanmu kuke so, ga wadda ta fara kiran sunan. Nono ɗaya ne.”

Na jira ta ce wasa take yi, ba ta ce ba. Na tuna Zunnu a kulle yana jin hayaniyar nan ta katanga. Sai na cire takalmi, na cire hijabi na ninke, na matsa bakin tabarmar. Na san in na tsallaka, Maraɗi ta ƙare. Na ɗaga ƙafa.

Nan Inna ta damƙe min hannu, har yanzu shaidar yatsunta na nan. Ta ce, “Mayar da hijabinki. Ba wanda zai tsallaka, domin ba abin da muka riƙe.” Ta juya ga Abbas ta ce, “Motar Ɗantala na ƙofa. Kun ba mu har Juma'a, mun jira. Yanzu ku ba likita har wata Juma'ar. Yarinyar nan za ta zauna da shi, ita za ta yi wanki da jinya. In bai tashi ba ku zo ku same ni, ni ce uwar, daga gare ni ta fito in akwai ta.”

Ma'u ta fara magana, Abbas ya ce mata ya isa, ya sunkuya ya ɗauki yaron da kansa. Ina jin ya gaji da kallonsa a haka ne.

An ce zazzaɓin taifot ne ya ci jikinsa. Ana ƙara masa ruwa. Da asuba ya buɗe ido ya sha koko kaɗan. Ma'u ba ta yi min magana, amma ta bar ni in riƙe masa kofi.

A hanya na ce wa Inna, da ba ki riƙe ni ba fa? Ta ce, “Da kin san abin da na sani na nauyin sunan nan.”

Ki gaida Baba.

'Yarki,
Ilham

*

Magama, Jibiya
Ranar Alhamis

Mariyamu,

Assalamu alaikum. Ya jikin naki? Allah ya ƙara sauƙi.

An sallamo Abdu, yana tafiya da ƙafarsa. Rabin unguwa sun ce allura ce, rabi sun ce maye ne ya ji tsoro ya saki. Ma'u ba ta bar shi ya shigo zaurena ba tukuna, kuma ɗana yana ajiye masa wuri a tabarma kowace safiya. Don haka kada ki tambaye ni ko na huce.

Ga 'yarki nan da mutuncinta da wayarta. Ta yi jinya ba ta yi ƙorafi ba, wannan na shaida. Zancen Maraɗi kuwa, zan je in sami Hajiya Mu'minat in gyara abin da na faɗa, amma sai ranar da yaron nan ya dawo ya zauna a wurinsa. In su Ma'u sun ɗauki wata guda, Badaruddeen ya jira wata guda. In sun ɗauki shekara, ya jira shekara, in da gaske yake.

Kuma ki sanar da duk dangi dokar gidan nan daga yau. Ba a kwatanta Zunnuraini da kowa, na littafi ko na duniya, don yabo ko don tausayi. Duk mai magana a kansa zai zo ya faɗa a gabansa, da Hausar da zai gane, ya kuma tsaya ya ji amsarsa. Wanda ba zai iya haka ba, sunan ɗana ya fita daga bakinsa.

Yayarki,
Salmatu